Hannun Mai Tuyar Ƙuli-ƙuli

Ke da kike cewa doka igiya ce da ba ta ɗaure kowa sai talaka, zauna ki ji wannan misali.

A wani gari an yi wata mai tuyar ƙuli-ƙuli, tana aiki a gidan wata ƙungiya ta taimakon matan da mazansu suka mutu. Can ake soya gyaɗa, a markaɗa, a matse mai, a toya tunkuza. Shugaban ƙungiyar wani mutum ne mai farar shadda. In baƙi suka zo da mota sai ka ji yana "iyayena, iyayena", in sun tafi kuwa ko sunan matan bai sani ba, sai "ke" da "ke waccan". Mai tuya ta daɗe tana gaya masa dutsen murhunta ɗaya ya tsage, kasko na rawa. Ya ce ta tokare da tubali. Ta tokare. Ran nan mai yana tsakiyar tafasa tubalin ya marmashe, kasko ya kife mata a hannun dama, tun daga yatsu har gwiwar hannu. Fata ta saluɓe kamar ɓawon dafaffen dankali. Shugaba ya leƙo, ya tattare bakin rigarsa kada mai ya taɓa ta, ya ce a fasa mata ɗanyen ƙwai a kai, Allah Ya kiyaye gaba.

To, a shekarar an yi sabuwar doka a ƙasar, har rediyo ta yi ta faɗa: duk wanda ya ɗauki mutum aiki, kamfani ne ko ƙungiyar agaji, in ma'aikaci ya ji ciwo a bakin aiki jinyarsa tana wuyansa, kuma babu kora. Mai tuya ta ji da kunnenta. Ta naɗe hannun da tsumma, ta je ta durƙusa, ta ce, "Ranka ya daɗe, hannun ya fara wari." Ko kallon hannun bai yi ba. Ya ce ai ita ba ma'aikaciya ba ce, nan gidan neman lada ne, abin da ake ba su kyauta ce, ba albashi ba. Kyauta! Shekara da shekaru tana shan hayaƙi har idonta ya yi ja, in ta makara a yi mata tsawa a gaban sa'o'in 'ya'yanta, in ta je jana'iza a ce wa ya ba ta izini, yau kuma ta zama mai neman lada? Ta tashi, ƙuda na bin ta har gida.

Magana dai ta fita, aka ce wata jami'ar ƙwadago za ta zo. Shugaba ya tara matan ya kitsa musu abin faɗa: su ce dukansu 'yan ƙungiya ne, daidai da shi, aikin sa-kai suke yi, wadda ta faɗi wani abu daban, kaskonta ya zama na wata. Jami'a ta zo, mata suka faɗi haka ɗaya bayan ɗaya, kai a sunkuye. Mai tuya ma ta faɗa, bakinta kamar ta tauna maɗaci, don daga wannan kaskon marayunta suke ci. Shugaba ya dafa ƙirji ya rantse ba shi da ma'aikaci ko ɗaya. Jami'ar ta daɗe tana kallon tsumman nan da ya jiƙe. Sannan ta ce madalla, ai dokar ba ta tsaya nan ba: ƙungiya ta 'ya'yanta ce, inji da kasko da motar da ke ƙofa duk nasu ne, su ne kuma ke zaɓen mai shugabantarsu. Yaushe suka yi zaɓe? Ashe ba a taɓa yi ba. Ta ce to a yi yanzu a gabanta, a tsakar gidan nan, ƙato bayan ƙato, kowa ta tsaya bayan wanda take so.

Shugaba ya yi dariya, ya gyara hula, ya fita fili ya tsaya. Mai tuya ba ta taɓa sha'awar mulkin kowa ba. Abu ɗaya ta sani, ko za a yanka ta ba za ta tsaya bayan shaddar da aka tattare mata ba. Ta ja jiki ta koma gefe, jikin katanga, ita kaɗai, tana tallafe da hannunta. Sai ta ji takun silifa a bayanta. Tsohuwar da ke matsar mai ce. Sai wata, sai wata, har layi ya kai bakin zaure. Da shugaba ya waiwaya, babu kowa a bayansa sai inuwarsa da wata kaza tana tonon ɓawon gyaɗa.

A ranar aka kai ta asibiti cikin motar da ba ta taɓa ɗaukar mai ƙaurin hayaƙi ba. Likita ya ce an makara. Hannun ya tsira, amma yatsun sun ƙandare, ba za su sake mulmula ƙuli-ƙuli ba. Shi kuwa har yau yana bin majalisa yana cewa mata butulu ne. Dutsen murhu guda ya gagare shi saye, jinyar hannu guda ta gagare shi, ya haƙa wa baiwar Allah rami da bakinsa, ga shi a ciki tsundum har hula.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.