Ina Uku Ta Tafi?

Tun ina ƙarama nake tsoron a ce mini daƙiƙiya. Wata la'asar a Zuru, Kawu yana haɗa wasan launuka a kwamfutarsa, gida-gida kamar dara. Ya jera marufan kwalba a tabarma ya nuna mini lambar kowane launi.

"Ja ɗaya, kore biyu, shuɗi huɗu."

"Kawu, ina uku ta tafi?"

"Uku ai ja da kore ne a gida guda, ɗiyata. Kin gane?"

Na gyaɗa kai. Wallahi ban gane ba.

Jiya na tambayi ɗiyata ko ta gane lissafin makaranta, ta gyaɗa kai irin nawa. Don Allah, wanda ya san yadda ja da kore suke zama uku, ya bayyana mini. Ba na so ta gaji shiruna.