Zaren Kyaftin Kalilu

Yau ma sandar ba ta shiga ba. Maza suka tura, suka buga da guduma, suka yi salati, ta tsaya a bakin rami ta ƙi gaba. Daga inda take wanki, Adawiyya ta hango mijinta Kalilu a kan tudu, inda ya saba tsayawa yana ba da umarni. Ya girgiza kai ya ce, "A cire. Mati ya sake kuskure."

Jirgin ruwan da ake gyarawa na gari ne. Duk damina idan dam ya cika, sai ya raba ƙauyen da hanyar Dutsi, mai zuwa kasuwa da mai zuwa asibiti kowa ya sha zagaye. Shi ya sa aka yi karo-karo aka sayo tsohon jirgi mai inji daga Yawuri. Injin yana ciki, ƙafarsa tana waje ta baya, a ƙasan ƙafar kuma farfela ke juyawa a kan wata sandar ƙarfe. Sandar nan ce ta iso a lanƙwashe.

Ba a yi gardama kan wanda zai tuƙa ba. Kalilu ya daɗe yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, ya dawo gida da kaki, da hula mai baki, da usur, da doguwar tocila. Tun ranar da ya sauka daga mota aka laƙaba masa Kyaftin, shi kuwa bai hana ba.

Awo ma shi ke yi, ba ya bari kowa ya sa hannu. Yakan zura zare a ramin, ya ƙulla, ya ƙirga haƙoran da sandar za ta kama, ya kai wa Mati mai yankan ƙarfe a Daura. Mati ya samo sandar wata tsohuwar mota ya sassaƙe ta, ta zo ta yi tsawo. Aka rage, ta yi gajarta. Aka yi mata ƙari da walda, haƙora suka ƙi haɗuwa. Da wani ya ce a kwance ƙafar gaba ɗaya a kai birni, Kalilu ya ce kayan jirgi ba a yawo da su a bayan babur.

Haƙurinsa ne ke ba Adawiyya mamaki. Wani da tuni ya ci kwalar Mati. Shi kuwa sai ya dawo gida ya share kwanon tuwo, ya nemi ƙari, ya kwanta ya yi ta minshari. Ita ce ba ta iya barci. A bakin rijiya mata sun fara kiranta matar Kyaftin na tudu, har Hadijatu maƙwabciyarta ta tambaye ta ko za a ba ta aron jirgin ta shanya kuɓewa a ciki. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ba ta da abin alfahari a duniya da ya wuce sunan mijin nan.

Ranar da Kalilu ya tafi ta'aziyya Baure zai kwana biyu, ta je wajen yayanta Yazid. Suka kwance ƙafar jirgin, suka naɗe ta da buhu, suka ɗaura a babur. Ba wajen Mati suka nufa ba, shagon Nwafor mai sayar da kayan inji suka je.

Nwafor ya leƙa ramin, ya sa ma'auni, ya yi dariya. "Hajiya, wannan ai ba abin wahala ba ne. Da tun farko an kawo mini ita, da yanzu kun gaji da yawo a ruwa."

Ya buga wa wani ɗan'uwansa waya a Kano, washegari sanda ta iso a motar haya. Aka ɗan rage bakinta, aka shafa mata girishi, ta shige sumul. 'Yan kunnen Adawiyya na aure ne suka tafi a kan wannan aiki, kuma ko a jikinta.

Da hantsi Kalilu ya dawo ya tarar ba kowa a gari. Ya bi hayaniya har bakin dam. Jirgi na kan ruwa, inji na ruri, farfela na tumbuɗa kumfa a baya. Mai gari ya riga ya shiga ya zauna a gaba, liman na gefensa, dattawa sun cika benci suna riƙe da huluna. Wurin tuƙi kawai aka bari.

Adawiyya ta tare shi da kakinsa a goge, ta ɗora masa hular a ka. Da gangan ta tsaya inda Hadijatu za ta gani da kyau. "Malam, ga ranarka ta zo. Ban gaya maka ba ne don ka yi farin ciki."

Mata suka rangaɗa guɗa. Mai gari ya ɗaga murya ya ce, "Kyaftin, bisimilla, kai muke jira!"

Kalilu ya karɓi kakin. Ya dubi jirgin, ya dubi ruwan da ba a hango ƙarshensa, ya dubi dattawan gari da aka jera masa. Sannan ya sunkuyo kusa da kunnen matarsa, yana yi wa jama'a murmushi.

"Kin san irin wahalar da na sha wajen ɓata awon nan? Ni fa gadin ƙofa na yi a Fatakwal, ko kwalekwale ban taɓa shiga ba."