Saura Mutum Ɗaya

"Gobe za a sayar da gonar da ke Wanke," in ji baffanta, a gaban mahaifinta, mai gonar. "Tunda hankalinsa ya gushe, wa za a tambaya?"

Mahaifinta yana jingine da bango. Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, shi da ya shekara talatin yana kiran fasinja a tashar Gusau.

Ta rufe littafinta na makarantar koyon jinya. Shafin nan ta karanta shi har ta haddace: a cikin ƙwaƙwalwa hanyar magana daban, hanyar waƙa daban, kuma rashin baki ba rashin hankali ba ne.

"Shi za a tambaya, Baffa."

"Ke yarinya, boko ya ruɗe ki?"

Ta durƙusa gaban mahaifinta, ta ja murya irin tasa ta tasha: "Tsaaafe, Tsafe, Tsafe!"

Leɓensa ya yi rawa. Sai ga muryar da gidan ya manta da ita: "Saura mutum ɗaya!"

Innarta ta saki kwanon da ke hannunta.

Da wannan karin ta rera masa tambayar: "Baba, a sayar da gona?"

Tsohon ya ɗago ido ya kafe ƙanensa. Ya rera a hankali, yana fitar da kalmomin ɗaya bayan ɗaya:

"A'a. Wata bakwai ina jin ku."