Wuƙar Cire Ƙaya

Ina shekara takwas na tsinci wata wuƙa a akwatin Inna a gidanmu na Gummi. Tsawonta bai kai yatsa ba. Da la'asar mai sayen tsoffin ƙarafa ya zo da alewarsa, har na miƙa masa, sai Inna ta fizge.

Na turo baki. "Inna, wagga ko albasa ba ta yankawa!"

Ta zauna, ta shafa tafin ƙafarta. "Ta hidda ƙaya ce. In mun dawo fadama, da ita marigayi babanki ke duba min sawu."

Ban san fuskarsa ba, ko a hoto. Amma har yau in an ce Baba, mutum nake gani durƙushe, ƙafar Inna a hannunsa.