Zafin Mutum Guda

Tun da aka kafa dokar kason zafi, kowane gida a Kano yana da iyakar zafin da zai fitar a yini, har da na jikin mutanen gidan.

Da hantsi Tasalla ta je rumfar Malam Sallau mai haɗa kwamfuta. Da gasar wasannin kwamfuta take ciyar da gidansu, tsohuwar na'urarta kuwa ta fara ja mata faɗuwa. Ya nuna mata sabuwar, wadda ya cusa cikin ƙaramin tulu don yumɓu ya riƙa sanyaya ta.

"Ban wuce kuɗin da kika yanka mini ba," in ji shi. "Gudu kam akwai. Sai dai duk dabarata, tana fitar da zafin mutum guda. Ku nawa ne a gida?"

"Ni da ƙanwata da Inna."

"Kason naku fa?"

"Na mutum uku."

Malam Sallau ya tsaya da murfin tulun a hannu. Tasalla ta dafa tulun, ta ji ɗuminsa kamar na goshin mai barci.

"Rufe ta, Malam," ta ce. "Dama Inna ta daɗe tana zancen komawa ƙauye."