Ungozoma da Mai Kutse

Tunda ka ce duk mai kutse ɓarawo ne, gyara zama ka ji. An yi wata ungozoma mai ɗan asibitin haihuwa, mace mai riƙon amana, ko mijinta bai taɓa jin sirrin mai ciki a bakinta ba. Da zamani ya zo aka kwashe takardun mata aka zuba a kwamfuta, har ana iya dubawa daga gida ta intanet. A ciki akwai wadda ta yi ɓari ba a sani ba, akwai mai tazarar haihuwa a ɓoye, akwai wadda gwajin jini ya nuna abin da ba a so. Aka ce ta zaɓi kalmar sirri, sai baiwar Allah ta sa sunan ɗanta na fari. Ai shekara talatin ke nan sunan bai fita daga bakinta ba saboda alkunya, "wancan yaron" take ce masa, mutum da gemunsa. A ganinta abin da ba ta faɗa, duniya ma ba ta san shi ba. Kayya!

Wata safiya wani magidanci ya yi sallama, ya ce nan matarsa ke zuwa awo. Ya miƙa mata wayarsa, sai ga shafin takardun asibitinta a buɗe. Ta tuna auren da zai mutu in maganar nan ta fita, ta tuna matan da suka yi kuka a kafaɗarta. Ta tattara ƙarfin hali ta tambaye shi me yake so. Mutumin ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ki canza makulli kawai." Ashe sana'arsa ke nan, kamfanoni ke ɗaukarsa ya gwada ƙofofin kwamfutocinsu kafin miyagu su gwada. Da ya ji sirrin matarsa na cikin na'urar sai hankalinsa ya ƙi kwanciya, ya taɓa ƙofar sau ɗaya ta buɗe, domin sunan ɗan nan yana ko'ina a waya tun ranar da dangi suka yi ta taya ta murnar aurensa. Bai buɗe takardar kowa ba, har ta matarsa. Nan ya zauna ya toshe kafar, ya gano wata ya toshe, ya koya mata haɗa kalmar da ko ita sai ta yi da gaske take tunawa. Da ya tashi tafiya ta sauke ajiyar zuciya, ta yi hamdala. Matan unguwa suka ci gaba da zuwa awo, babu wadda ta san abin da ya kusa faruwa da ita.

To ka ji. Shi ya sa Hausawa suka ce, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.