Bugu Uku a Bango

Ƙarfe na goma sha ɗaya ke nan da Auta ya ƙona a mako guda. Ya ɗaga shi da awartaki, ya dubi bakin da ya zagwanye kamar ɓera ya gaigaya, ya wurga shi lungu wurin 'yan'uwansa.

Shekara ashirin ya yi yana tuƙin motar haya kafin rasuwar Baba ta dawo da shi maƙera. Ƙarfin hannu dai akwai, don tun tasowarsa shi ke ɗaga babbar guduma. Ido ne babu. Haɗa ƙarfe biyu su zama ɗaya ba aikin ƙwanji ba ne. Ƙarfe zai yi ja, ya koma ruwan goro, ya yi ɗorawa, sannan ya fara haske. A nan akwai wani ɗan lokaci da bai kai numfashi uku ba. Ka ciro da wuri, ya ƙi kamawa. Ka makara, ya ƙone.

Wannan kuwa Baba bai taɓa koya masa ba. In ya tambaya, amsa ɗaya ce: "Kai dai bugi inda na nuna." Zama yake ya jingina da bango, ido a lumshe kamar mai gyangyaɗi. Can sai a ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a bangon, ya zaro ƙarfe daidai kan gaɓa. Kowa ya san da gwiwar hannu yake yi wa kansa ƙirga. Manyan gwanaye ai ba sa rasa ɗabi'a. Shi tasa har da rufe maƙera duk ranar da Inna ta yi tafiya, wai ba ya ɗaga guduma sai da girkin matarsa a ciki. Da ta rasu ya rataye kayan aiki, ya ce baya ne ya matsa masa. Bayan shekara biyu ya bi ta.

Baffa, ƙanin Baba, ya riga ya auna ɗakin da ido. Shagon faci yake so ya mai da shi.

"Ɗan yayana, sitiyari daban, guduma daban," in ji shi. "Ran Asabar zan kawo dattawan maƙera uku. Ka ƙera gatari, ka ɗora masa bakin sifirin mota. In ya kama, ɗaki naka ne. In bai kama ba, ka koma kiran fasinja."

Ran Laraba da rana tsaka Auta na zuga wuta shi kaɗai, gumi na shiga masa ido, yana kallon ƙarfe yana ta wasiwasi.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Hannunsa ya riga tunaninsa. Ya zaro, ya ɗora kan uwar maƙera, ya sauke guduma. Ƙarafan biyu suka rungumi juna kamar tare aka haife su. Sai da ya ajiye guduma sannan ya tuna shi kaɗai ne a ɗakin.

Ya zagaya bayan bangon. Tsohuwar madafa ce, a kulle tun shekara biyu, kwaɗon ya yi tsatsa, yanar gizo ta ɗinke bakin ƙofa. Ko sawun kyanwa babu.

Washegari bugun ya dawo. Auta ya yi niyyar gudu, ya tuna shagon faci, ya zauna. Tun daga nan ya daina taka wurin zaman Baba. Yakan share shi da safe, ya rage murya ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" Ba a amsawa. Amma da ƙarfe ya kai, sai bugu. Ya shiga zura wa launin ido duk lokacin da aka buga, har ya fara gane wani maiƙo-maiƙo da ke gudu a jikin ƙarfen gab da tartsatsi. Sau ɗaya ya tsaya share gumi, aka doki bangon da ƙarfin da ƙasa ta zubo masa a ka. Auta ya yi mamaki. Baba mutum ne mai sanyi a duniya. Ashe kabari na sa wa mutum zafin rai.

Asabar ta zo. Dattawa suka jeru a benci, Baffa ya tsaya a bakin ƙofa yana zuba labarin farashin taya da babbar murya, da gangan. Auta bai ɗaga kai ba. Ja, ruwan goro, ɗorawa. Maiƙon ya fara gudu. Shi da bugun suka motsa tare, har bai san wanda ya riga wani ba. Ba wanda ya waiwayi bangon sai Goggo, yayar Baba, da ke zaune a gefe da sandarta.

Babban dattijon ya sari kututture da gatarin sau bakwai, ya duba bakin, ya gyaɗa kai. Baffa ya tuna yana da wani uzuri.

Da aka watse, Auta ya durƙusa gaban Goggo.

"Goggo, wallahi ba ni kaɗai na yi ba. Baba ne. Kwana huɗu ke nan yana buga min bango, yadda ya saba yi da ransa."

Goggo ta yi dariya har ta sarƙe da tari. Sai dariyar ta ɗauke, ta daɗe tana kallon bangon.

"Ubanka? Kai yaro, Allah ya ji ƙan ƙanina, tun yana saurayi tartsatsi ya taɓa masa ido, ja da fari duk ɗaya ne a wurinsa. Shekara arba'in uwarka ce ke leƙen wutarsa ta tsagar bangon madafa, tana buga masa da muciya."